Tikiti da Alamar Kaya a Tafiyar Jirgin Ruwa

Mu mutanen ƙasar Yauri, ruwa hanya ce a gare mu kamar yadda titi ya ke hanya ga mutanen Kano. Kogin Kwara, wanda a ke kira Neja, ya biyo ta ƙasar Shanga, ya wuce ta gaban Yelwa, sa'an nan ya buɗe ya zama babban tabki har ƙasar Ngaski da Borgu. Wannan tabki ba tun asali ya ke nan ba. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da aka tare kogin sai ruwa ya taru ya koma baya, ya cinye gonaki da tsibirai da tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. Tsawon tabkin ya kai kilomita 130, a wani wuri kuma faɗinsa ya fi kilomita 20. Wanda ya ke tsakiyarsa ran da hazo ya sauka ba ya ganin gaɓa ko ɗaya.

Kowace ranar kasuwa jirage su kan cika kwata. Wani ya ƙetaro daga Rofiya zuwa Zamare, wani ya nufi Wara, wani ya gangaro daga ƙauyukan Shanga zuwa Yelwa. A cikinsu akwai albasa da shinkafa da kifi banda, da awaki da babura, da mata masu goyo. Da wuya a watse kasuwa ba a ji wani yana cigiyar buhunsa ba, ko wata tana kukan garinta ya jiƙe. Yawancin wannan hasara ƴar takarda da ɗan fenti su ke maganinta, kuma ku da ku ke koyon karatu da rubutu kun riga kun sami abin da a ke bukata.

Yadda a ke yi a manyan jirage

A Turai da Amurka akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, wani ya kan ɗauki fasinja 5,000 ko fiye, watau mutanen gari guda. Ba wanda zai taka jirgin sai ya nuna takardar shiga. A jikin takardar an rubuta sunansa, da sunan jirgin, da ranar tashi, da lambar ɗakin da zai kwana. Sa'an nan a kan ba shi waɗansu ƴan takardu dogaye masu ɗauke da wannan suna da wannan lamba, ya ɗaura ɗaya a hannun kowace jaka. A bakin tasha ƴan dako su karɓi jakunkunan, mai su ba ya sake ganinsu sai can da yamma ya tarar da su a ƙofar ɗakinsa. Jakar da alamarta ta tsinke ita ce ta ke yin makuwa. Saboda haka fasfo da kuɗi da magani ba a sa su cikin babbar jaka, a hannu a ke riƙe su. Kuma duk wanda ya shiga ko ya fita sai an duba katinsa a ƙofa, don shugaban jirgi ya san ko mutum nawa ke ciki kafin ya tashi.

Alhazanmu da suka tashi daga Birnin Kebbi sun ga irin wannan a jirgin sama. An ba su takardar shiga mai lambar kujera, an manna wa jakarsu alama, an ba su ɗan guntun takarda mai lamba iri ɗaya da ta jikin jakar. Mu jiragenmu na katako ne, ba ɗaki ba kujera mai lamba. Amma damuwar ɗaya ce: a san wanda ya shiga, a san mai kowane kaya, kayan kuma su isa yadda aka ɗora su.

Tikiti

A wata kwata a kan yanka tikiti, a wata kuwa kuɗi kawai a ke miƙa wa yaron jirgi ko ɗan kamasho. Inda a ke yankawa, ku karɓa, kada ku ce ai takarda ce kawai. Ku tsaya ku karanta kafin ku matsa daga wurin. Ku duba sunan garin da za ku, da kwanan wata, da yawan kuɗin da aka rubuta, ko daidai ne da abin da ya fita daga aljihunku. Wanda bai kai ga karanta kalmomi ba tukuna, ai ya san lambobi, to, ya duba lambobin.

Kuɗin jirgi iri biyu ne, akwai kuɗin mutum, akwai kuɗin kaya. Rigima ta fi tashi a kan na kaya. Mutum ya ce buhu shida ya biya, yaron jirgi ya ce biyar aka biya masa, a tsakiyar ruwa a kama cacar baki, wani har ya miƙe tsaye yana nuna yatsa, jirgi yana tangaɗi. Da an rubuta "buhu 6" a bayan tikiti tun a kwata, da magana ta ƙare nan. In ba a ba da tikiti a wurin, ku biya a gaban shaida, ku faɗi yawan kayanku da ƙarfi kowa ya ji, sa'an nan ku rubuta a ɗan littafinku. Kada ku cusa tikiti cikin buhu ko jaka. Ran da jakar ta ɓace, shaidarku ta tafi tare da ita. Ku ajiye shi a jikinku har ku sauka ku ƙidaya kayanku su cika.

Takardar sunaye

Ban da tikiti akwai wata takarda da ta fi shi girma, ita ce takardar sunayen fasinjoji. Mun lura mutane da yawa ba su son ta. Wani yana tsoron ko haraji za a ɗora masa, wani ya ce ai kowa a kwatar nan ya san shi. Ba don haraji a ke yin ta ba. Ana yin ta domin ranar da ba a fata.

A ran 26 ga Mayu 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya tsage a ruwa kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski. Mutum wajen 20 aka ceto a ranar. Aka shiga saɓani a kan yawan waɗanda ke ciki, waɗansu suka ce 160, waɗansu suka ce 180. Masu ninƙaya suka kwana suna nema ba su san ran da za su ce sun gama ba, iyaye kuma suka yi ta zarya bakin ruwa suna tambaya ko nasu yana ciki. Takardar sunaye wadda aka cika sosai ita ce maganin irin wannan ruɗani.

Amma fa a lura da abu kaɗan. Takardar ta zauna a kwata, a hannun shugaban masu jirage ko wakilinsa, domin wadda ta shiga jirgi tare da direba in jirgin ya nutse ta nutse. A rubuta kowane rai, har jaririn da ke goye. Mace a sa sunanta na yanka, kada a tsaya ga "matar wane". Wajen lambar waya kuma, ku ba da ta ɗan'uwanku da ya ke gida, gama taku tana aljihunku, abin da ya same ku ya same ta. In an miƙo muku biro, ku rubuta sunanku da hannunku. Abin da muka zauna aji dominsa ke nan.

Alamar kaya

Buhun albasa ba ya kiran sunan ubangijinsa. In aka jera buhu arba'in a jirgi ɗaya, duk ɗinki ɗaya, duk launi ɗaya, ko mai gonar ba zai rantse ya ce wannan ne nasa ba. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa su kan ƙulla jan tsumma a kunnen buhu ko su zana gicciye da gawayi. Dabara ce mai kyau a zamanin da jirgi ke ɗaukar mutanen ƙauye ɗaya. Yau kuwa za ka tarar da jan tsumma a buhunan mutum uku, gawayi da alli kuma da feshin ruwa ya taɓa su sun goge. Yawancin buhun da a ke cewa an sace ba sata ba ce, wani ne ya ɗauka yana tsammani nasa ne, ya bar nasa a baya.

Suna ya fi tsumma. Ku sami ɗan fentin mai, ko alƙalamin nan mai kauri wanda ruwa ba ya wanke shi, ku yi rubutu da manyan baƙaƙe yadda za a karanta daga nesa. Ku sa sunanku, da garinku, da inda kayan za su sauka, kamar haka:

WANE ƊAN WANE, ZAMARE. ZUWA YELWA. 1/6

Wannan lamba ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai. Ma'anarta, buhu na ɗaya cikin shida. Na biye da shi a sa 2/6, haka har 6/6. Da ka jera su a kwata ka ga ba 4/6, ka san abin da ka ke nema, kuma duk wanda ya tsinci buhun ya san yana da ƴan'uwa biyar a wani wuri. Ku yi rubutun a gefe biyu, domin buhu a kan kife shi a ɗora wani a kansa. In tsohon buhu ne mai sunan wani, ku soke tsohon sunan da fenti tukuna, in ba haka ba kun ba shi hujja a kanku.

Masu wayo su kan ƙara wata alama a ciki. Su rubuta suna a ƴar takarda, su ƙulle ta cikin leda, su jefa a bakin buhu kafin a ɗinke. In gardama ta tashi har gaban Sarkin Ruwa ko shugaban kwata, sai mai kaya ya ce a farke ɗinki a duba. Wanda ya goge sunan waje bai san da na ciki ba.

Kwandon kifi da jaka ba su da wurin fenti, sai a rataya musu alama. Kwali ba ya jimre wa ruwa, yana jiƙewa ya yage. Ku yanko gefen tsohuwar jarka kamar faɗin tafin hannu, ku huda shi da ƙusa mai zafi, ku rubuta suna, ku ɗaure da igiya mai ƙarfi, ƙulli biyu. Irin wannan alama ta kan shekara ana amfani da ita. Akuya da tunkiya a shafa musu fenti a ƙaho ko a gadon baya. Mai babur ya zare makullinsa, ya riƙe takardunsa a jikinsa.

Sau da yawa kaya su kan tafi ba mai su, watau saƙo. A nan alama ita ce bakin kayan. Ku rubuta sunan wanda zai karɓa da lambar wayarsa, ku riƙe sunan direba da na jirginsa a littafinku, sa'an nan ku buga waya ku faɗi yawan kayan da lokacin da jirgi ya tashi. Ku kuma kada ku karɓi ƙunshin wanda ba ku sani ba ku ce za ku kai masa, sai kun ga abin da ke ciki. In jami'ai suka buɗe suka sami abin da doka ta hana, a hannunku aka same shi.

Ruwa da ɓarawo

Ba jirgin katakon da cikinsa ya ke a bushe. Ruwa yana tsatsowa ta haɗin katako, iska tana watso shi ta gefe, sama kuma tana iya zubowa. Shi ya sa kullum za ku ga yaro a tsakiya yana kwarfewa. Abin da ke ƙasa shi ke shan wannan ruwa, don haka ku tsaya a wurin lokacin da a ke lodi, kada ku tafi cin tuwo ku bar wa yaran jirgi. Jarka da kwano da itace ba ruwansu da jiƙewa, su su ke zuwa ƙasa. Gari da sukari da gishiri da takin zamani da siminti, waɗannan in sun sha ruwa sun tashi daga aiki. Kifi banda in ya jiƙe ya kan yi funfuna, albasa kuma ta ruɓe tun ba a kai ta Kudu ba. Irin waɗannan a shimfiɗa musu katako ko kara a ƙasa, a sa babbar leda cikin buhu kafin a zuba su, a rufa musu tamfol. Kuɗin leda bai kai kuɗin mudu ɗaya na abin da za ta tsare ba.

Jarkar fetur kada ta kusanci abinci. Warinsa in ya kama gari ko kifi ba ya fita, ba mai saye. Kuma kowa ya san abin da guntun taba zai yi kusa da ita a cikin jirgin katako.

Kuɗi da waya da katin ɗan ƙasa da katin banki, da katin asibiti da magani ga wanda za shi ganin likita a Yelwa, waɗannan ba su rabuwa da jiki. Ku sa su a leda, ku fitar da iska, ku ƙulle, ku sake sawa cikin wata ledar, sa'an nan su shiga lalita ko aljihun ciki. Kuɗin ciniki ku raba shi biyu, kaɗan a aljihun waje don biyan jirgi da dako, sauran a ɓoye. Wanda ya zaro damin kuɗi a gaban jama'a don ya biya kuɗin buhu ɗaya ya yi wa ɓarawo shela.

Ɓarawo ba ya sata a tsakiyar tabki, don ba shi da wurin gudu. Wurin aikinsa kwata, lokacin da jirgi ya iso kowa ya ruɗe, ƴan dako suna fizgar kaya, masu saye suna kiran farashi. In ku biyu ne, ɗaya ya zauna kan kayan, ɗaya ya nemo ɗan dako. In kai kaɗai ne, ka haɗa kai da maƙwabcin zamanka, ka tsare nasa ya tsare naka. Ku yi ciniki da ɗan dako kafin ya ɗauka, ku zaɓi wanda aka sani a kwatar, ku bi shi a baya. In duk da haka wani abu ya ɓace, kada ku bari jirgin ya juya. Nan take ku kai magana ga shugaban masu jirage da tikitinku a hannu, in ta ƙi ƙarewa a nan sai wurin ƴan sanda.

Kayan da ke cin mai su

Yanzu sai magana mai nauyi. Kayan nan da mu ke ta ƙoƙarin tsarewa, su ne kuma su kan nutsar da jirgi. Mu yi lissafi kaɗan. Buhu mai kilo 50 in ya zama goma, kilo 500 ke nan, watau nauyin manyan mutane wajen takwas. Babur guda ya fi kilo 100, kusan mutum biyu. Mai jirgi ya kan ƙidaya kawuna ya ce ai bai cika ba, ya manta da buhunan da mutanen ke zaune a kai.

A Ingila ma an sha wannan wahala. Masu jirage su kan yi lodi fiye da kima, jirage su nutse da ma'aikata, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya tsayin daka aka yi doka a 1876, aka ce kowane jirgi a zana masa layi a gefe. Layin nan shi ke nuna iyakar lodi, in ruwa ya rufe shi kaya sun yi yawa. Har yanzu manyan jiragen duniya suna ɗauke da shi. Namu yawanci ba su da layi, amma muna da ido. Ku dubi gefen jirgi kafin ku shiga. In ya kusa shafar ruwa tun a kwata, inda ruwa ke kwance, to, me zai faru in an fita fili iska ta taso? Ku sauka ku jira na baya, ko da kuɗin tikitin zai tafi. Mun san abin da wuya ga wanda ke gudun kada kasuwa ta watse, amma kasuwa tana sake ci mako mai zuwa.

Tabkin Kainji yana da halinsa. A farkon damina hadari ya kan taso ba sallama, ya tayar da igiyar ruwa wadda kakanninmu ba su san irinta ba a lokacin da kogi ne kawai. Daga bazara zuwa farkon damina ruwa ya kan ja baya, kututturan itatuwan da tabki ya cinye su matso kusa da sama, jirgi mai nauyi ya hau kansu ya tsage. Da dare ba mai ganinsu. Masu iya magana sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda na ke gani kullum. Wanda aka haifa a gungu shi ya fi raina ruwan nan.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda a ke kira NIWA, an kafa ta a 1997, babban ofishinta yana Lokoja, tana kuma da ofis a Yauri. Ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. In an ba ku rigar, ba matashin zama ba ce, ba kuma abin rufe buhu ba ne. Ku sa ta, ku ɗaure igiyoyinta sosai, ku ɗaura wa yara tasu. Kada ku rataya jaka mai nauyi a wuya ko ku ɗaure ta a ƙugu, gama a cikin ruwa ƙasa za ta ja ku. In jirgi ya kife, Allah ya kiyaye, ku saki kaya. Abin kamawa shi ne jikin jirgin in yana bisa ruwa, ko katako, ko jarkar da ba kome cikinta mai murfi a rufe. Buhun da ke da suna in ya taso a gaɓa za a san gidan da za a kai shi.

A darasi na gaba kowa ya zo da tsohon buhu ɗaya da gefen jarka. Malamin aji zai kawo fenti. Za mu fara gwada rubutun a allo, suna da gari da lamba, sa'an nan kowa ya rubuta nasa a buhunsa da hannunsa.